Wa ya yi waƙar nan? Darasi daga wani faifai da anka tsinto cikin salula

 Yau mun ɗan aje maganar farashin hatsi da ta hanya, za mu taɓa maganar waƙa. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, don akwai laifinmu ciki, akwai naku.

Makon da ya wuce, cikin shirin gaishe-gaishe na daren Asabar, wata malama ta kira mu daga wani ƙauye kusa da Gabi. Bayan gaisuwa ta ce: "Malam, don Allah wata waƙa nike nema. Ta wani yaro ce ɗan kolej, wanda ya sa darasin lissafi cikin rap, kuma ya jero jihohi takwas na Nijar da manyan garuruwansu. Kun sha sa ta da can. Wallahi da ita na hardace Pitagor shekarar da na yi BEPC. Yanzu ni ke koyarwa, ina so yarana su ji ta."

Munka ce: "To Malama, in sha Allahu Asabar mai zuwa za ki ji ta."

Mun tuna waƙar sarai. Wajen 2013 ta yi tashe nan yankin. Yaron da Hausa yake yi, yana surkawa da Faransanci, kuma duk fadar da ka bi da dare lokacin jarrabawa sai ka ji ta tana tashi daga wata ƴar salula kusa da butar shayi. Ƴan fada suna yi mishi dariya, suna ce mishi mayen boko, wai wasu na waƙar ƴan mata shi yana waƙar alkalami. Amma su ɗin dai su ke tura ta.

Munka shiga nema. Kwamfutar da ke gidan radiyo a lokacin ta mutu tuni. Cikin wata tsohuwar kile munka samu wani guntu mai suna "Piste 07", bai kai minti ɗaya ba ya yanke. Munka je wajen wani mai turin waƙoƙi da ya daɗe bakin tasha, ya ce ya san ta, amma injin da take ciki ya ƙone wata rana da wuta ta dawo da ƙarfi. Munka tambayi yaron. Wani ya ce ya tafi Jado neman zinariya, wani ya ce Aljeriya, wani ya rantse tela ne cikin Maraɗi. Ko laƙabinshi iri uku anka ba mu.

Asabar ta zo, ba mu da abin da za mu ba malamar sai haƙuri. Waƙar da munka sa sau ba adadi, ko rana ɗaya ba mu ɗauki bik munka rubuta sunan mai ita ba.

Wannan kunya ce ta sa munka koma kan wani tarin waƙoƙi da muke so mu yi muku bitarshi yau. Sunanshi Music from Saharan Cellphones, wato kiɗan da anka samo cikin salulolin Sahara. Wani ƙaramin kamfani ne ya fitar da shi a 2011, Sahel Sounds, da ke birnin Portland na Amurka. In an ce kamfani kada ku ɗauka wani dogon bene ne. Mutum guda ne ya kafa shi, Christopher Kirkley, wanda ya fara da shafin intanet a 2009 yana yawo tsakanin Muritaniya, Mali da Nijar da ƴar na'urar ɗaukar murya.

Da ya zauna Kidal, arewacin Mali, sai ya lura da abin da mu duka mun sani har mun daina ganinshi: matasa ba su sayen kaset, ba su da intanet, amma kowa na da kiɗa cike da katin memuwar, ana musaya ta Bluetooth. Sai ya riƙa roƙon mutane ya kwafi abin da ke cikin katinsu, shi ma ya ba su nashi. Daga cikin wannan tsibi ya zaɓi waƙoƙi tara ya buga su kan faifan garmaho.

Bari mu fara da abin da kunne ya ji.

Rap da danginshi su ne ƙarfin faifan a wajenmu. Akwai "Moribiyassa" ta Kaba Blon daga Bamako, kiɗa mai gudu wanda anka yanko sautin balafo anka ɗora kan gangar kwamfuta, irin wanda ake sakawa wajen wasan unguwa. Ko ba ka jin Bambara, ƙafarka za ta motsa. Akwai "Yereyira" ta Papito tare da Iba One, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan ƴan rap na Mali. Akwai "Abandé" ta Yeli Fuzzo. Akwai "Faroter" ta Joskar da Flamzy daga Kodebuwa, da ƙamshin Abijan da fankamarta, don kalmar kanta a bakin ƴan Abijan tana nufin nuna arziki a idon jama'a. Abin da ya haɗa su shi ne ba wanda ya jira babban istidiyo. Ƙaramin ɗaki ne, da kwamfuta, da makirfo guda, da yaron da ya kwana yana taɓe-taɓe har ya gane yadda ake jera ganga.

Sauran faifan na masu gita ne da fiyano. "Alghafiat" ta ƙungiyar Amanar ta Kidal, kalmar da ta fito tushe ɗaya da "lafiya" tamu. "Guetna" daga Muritaniya, sunan lokacin girbin dabino a can. Sai wadda ta fi tsaya mana a rai, "Tahoultine" ta Mdou Moctar, ɗan ƙasarmu daga jihar Tawa. Duk wanda ya tashi da waƙoƙin finafinan Hausa, da ya ji ta zai ce ya san wannan murya mai rawa kamar ta inji. Ba mamaki. A Sakkwato Mdou ya ɗauki waƙoƙinshi na farko a 2008, cikin istidiyo irin na masu waƙar fim, anka sa mishi autotune yadda ake sa wa kowa. Waƙa da Tamashek, aiki na Hausawa, ta bi katin memuwar har Kidal, ta faɗa hannun Ba'amurke.

Yanzu ga inda muke da ƙorafi, don bita ba yabo kaɗai ba ce.

Na ɗaya, zaɓin na kunnen baƙo ne. Duk wanda ya taɓa buɗe katin wani direba ko wani ɗan kabu-kabu a ƙasar nan ya san abin da ke ciki: wa'azi, karatun Alƙur'ani, waƙoƙin Kano, Shata, waƙoƙin Indiya, sannan rap. A cikin waƙoƙi taran nan ba mu ji Hausa ba. Gaskiya ne a Kidal anka tattara su, ba a Maraɗi ba, amma sunan da anka ba faifan ya fi abin da ke cikinshi faɗi. Sai a 2013 kamfanin ya rama da wani tarin, Harafin So, na waƙoƙin finafinan Kano, inda za ku ji muryar Fati Nijar, ɗiyar Maraɗi. Kashi na biyu na faifan salula shi ma ya ƙara matsowa gida, da Lakal Kaney na Yamai da Pheno S. na Gao.

Na biyu, sautin. An kwafi waƙoƙin daga waya zuwa waya, an matse su don su shiga ƙaramin kati, kuma ana jin haka. Masu saye a Turai na iya ɗaukar wannan ƙura a matsayin ado. Mu mun san talauci ne.

Na uku, faifan garmaho. Wa ke da injinshi yau tsakanin Madarunfa da Maraɗi? An ɗauki kiɗan da ke yawo kyauta cikin aljihun talaka, an maida shi kayan ajiyar masu hali a wata nahiya. Da ba don ana samunshi a intanet ba, da mutanen da anka ɗauko shi wajensu ba su ƙara jin labarinshi ba.

Duk da haka muna cewa ku neme shi ku saurara. Kuma dalilinmu yana bayan faifan, wajen da anka rubuta sunaye.

Lokacin da Kirkley ya kwafi waƙoƙin, da yawansu yadda "Piste 07" tamu take haka suke: ba suna, ba gari, ba shekara. Da ya so, da ya buga su haka nan ya ci kuɗinshi, ba mai kai shi ƙara. Sai ya zauna bin diddigi, ta Facebook, ta kiran waya, ta tambayar wanda ya san wanda ya san wani, har ya gano masu waƙoƙin, ya nemi yardarsu, ya ware musu kasonsu. Aiki ne na mai ƙwaƙƙwafi, irin mutumin da in yana fadarku za ku ce ya cika tambaya. Ga abin da tambayar ta haifar. Mdou Moctar, da yake kiɗan biki a Agadas, ya samu hanyar fita. A 2015 anka yi fim da shi, daga baya kamfanin Matador na Amurka ya ɗauke shi, ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Baiwar tashi ce, ba wanda ya ba shi ita sai Allah. Amma da muryar ta tsaya ba suna, ina mai neman shi zai same shi?

Akwai wani abu kuma da ya ƙara wa faifan nauyi. Shekara guda bayan fitarshi, a 2012, arewacin Mali ya faɗa hannun ƴan bindiga. Anka hana kiɗa. Ahmed Ag Kaedi, jagoran Amanar, an ƙone mishi kayan kiɗa a Kidal, ya bar gari. Salular da ke ɗauke da waƙa ta zama abin tsoro a aljihu. Abin da anka ɗauka wasan yara ne, sai ga shi ya zama shaidar yadda wani gari yake kafin bala'i. Mu da ke zaune bakin iyaka, muna ganin ƙauyukan da ƴan bindiga sunka tayar, muna karɓar ƴan gudun hijira, bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani kan wannan ba.

Mun san abin da wasunku za su ce: "Bature ne ya zo ya kwashi namu ya tafi, kamar kullum." Tambayar tana kan hanya, kuma duk mai zuwa ɗaukar kayan mutane dole a tambaye shi nawa ya samu, nawa ya bayar. Amma mu tsaya mu dubi kanmu. Mai turi yana karɓar kuɗi ya cika maka kati, mawaƙin bai ga ko dala ba. Mu ƴan radiyo muna cika awa guda da waƙoƙin yara, muna karɓar kuɗin gaisuwa a kansu, ba mu faɗin sunansu. Mai biki yana sa di-je ya kwana da su. Kai mai karatu kana turawa ta Xender ko WhatsApp, ta iso da suna "AUD" da jerin lambobi, ka tura gaba haka nan. In kwasa ce, mun riga baƙo. Shi dai ya rubuta suna.

Wasu kuma za su ce rap ai iskanci ne, in ya ɓace an huta. Ba za mu musa ba, akwai waƙoƙin da mu kanmu ba mu sakawa, kuma iyayen da ke tsoron abin da ɗiyansu ke ji suna da hujja. Amma malamar da ta kira mu darasin lissafi take nema. Rap na ƙasar nan tun tasowarshi a ƙarshen shekarun 1990 ƴan lakkwal ne sunka ɗauke shi. Lakal Kaney, Kaidan Gaskiya, Wass Wong, ZM da sauransu sun yi magana kan rashin aikin yi, cin hanci, sida, auren dole da halin da ɗalibai ke ciki, lokacin da manya da yawa sunka yi shiru. Wanda ya zauna aji tare da irin waɗannan yara ya san su: kaye biyu gare su, ɗaya na mushe, ɗaya na baiti, kuma sau da yawa su ne na gaba a Faransanci da tarihi. Wanda zai jera kalmomi su faɗa kan ganga daidai, cikin harshe biyu ko uku, ba ƙaramin kai gare shi ba.

A Amurka irin wannan rap na mayun karatu har suna gare shi, nerdcore, wanda wani mawaƙi MC Frontalot ya raɗa a shekarar 2000. Waƙoƙinsu kan kwamfuta ne, da kimiyya, da wasannin bidiyo. Su ma da fari kyauta suke rabawa ta intanet, manyan kamfanoni ba su kula su ba. Bambancinsu da namu guda ne: mutane ne masu son ajiya da lissafi, kowace waƙa da sunanta da shekararta. Shi ya sa yau kana iya bin tarihinsu daki-daki. Yaronmu na kolej ya yi irin abin da suke yi ba tare da ya taɓa jin labarinsu ba, ya yi shi da Hausa, ya amfani ɗalibai na gaske, kuma ga shi ko sunanshi mun kasa kawowa.

Abin da ya fi ba mu haushi, wannan sakaci ba gadonmu ba ne. Ku saurari makaɗan da. Shata, Ɗan Anace, Ɗanƙwairo, da wuya waƙa ta ƙare ba ka san mai ita ba, ka san ubangidanshi, wani lokaci har makaɗanshi da garin da anka yi ta. Maroƙi na gefe yana ƙara tunawa da mutane. Sun san baki ne kaɗai ma'ajiyarsu, sai sunka ɗinke sunan cikin waƙar yadda ba ya ɓanɓaruwa. Mu da muke da kwamfuta da salula mai ɗaukar waƙa dubu, mu ne munka zo muna zubar da suna.

Kuma ku duba makwabta. Yaran Madarunfa sun san DJ AB, sun san Classiq, sun san Morell, sun san shirin Zafafa Goma na Arewa24. Ko lokacin da anka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, buhun masara ya tsaya, waƙa ba ta tsaya ba. Ba mu da matsala da haka, Katsina da Maraɗi ɗaki ɗaya ne. Amma waɗancan suna isowa da sunansu da hotonsu. Namu na fita tsirara. In ta yi daɗi ma, a can sai a ɗauka ta wani ɗan Kano ce.

To me za a yi? Ba mu jiran wani ya taso daga Portland, kuma ba mu jiran minista. Abu huɗu ne, duka cikin ikonmu.

Mu ƴan radiyo mu fara. Daga yau, waƙar ɗan gida ba ta shiga shirinmu sai da sunan mai ita, garinshi, shekarar da anka yi ta da wanda ya haɗa kiɗan. Za mu faɗa kafin ta, mu faɗa bayanta, mu rubuta cikin rajista ta takarda, don mun ga abin da kwamfuta ke yi.

Ku mawaƙa, ƙannenmu, kafin ku tura waƙa ku gyara sunan fayil ɗin. Minti guda ne. Ku faɗi sunanku da garinku cikin waƙar yadda kakanni sunka yi. Ku aje kofi wuri biyu, ɗaya wajen wanda ba ya canza waya duk wata. Wanda ya ɗauki abin sana'a, ya nemi bayani kan BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, ya yi rajistar aikinshi.

Ku masu turi, ku ne ɗakin ajiyar yankin nan ko kun sani ko ba ku sani ba. Abin da ke cikin injinanku babu shi ko'ina. Ku buɗe jaka guda ta ƴan gida, kada ku goge ta don sabon fim ya samu wuri.

Na huɗu shi ne babba. Muna so mu haɗa namu tarin: waƙoƙin rap na ƴan lakkwal na yankin Madarunfa, tsoffi da sabbi, ko guda goma ne, daga kowace komin. Na darasi, na tarihi, na tabki da masunta, na gulbi, na zazzaɓin cizon sauro, na wahalar ɗan ƙauye da ya zo kolej ba shi da mai riƙo. Sharaɗi guda: ba mu sa waƙar da ba mu gano mai ita munka nemi yardarshi ba. In ya rasu, iyalinshi. In wani abu ya shigo, ko jikka guda ce, a san yadda za a raba tun kafin a fara. Ba mu da kamfani, amma wanda ya yi faifan da munka yi bita shi ma da jakar goyo ya fara.

Mutanen garin nan sun riƙe labarin waliyyai 99 da ke kwance kewayen tabki, kaka da kakanni, ba takarda ba inji. Mutanen da sunka iya wannan ba za su kasa riƙe sunan yaron da ya yi waƙa shekaru goma sha da sunka wuce ba.

Don haka ga roƙonmu. Ku buɗe akwati, ku duba tsoffin salula da katunan da kunka jefa cikin gwangwani. Wanda ya yi turwaziyam tsakanin 2012 da 2015 a yankin nan, ya tambayi abokan ajinshi. In kun samu waƙar Pitagor cikakkiya, ku kawo mana gidan radiyo ko ku turo. In kun san yaron, ku gaya mishi wata malama na neman waƙarshi don ɗalibanta, kuma mu muna neman gafararshi. In kuma kai ne kake karanta wannan, a Jado kake, a Tamanraset ko a bakin keken ɗinki cikin Maraɗi, ka kira mu ranar Asabar da dare. Za mu buɗe maka layi, ka faɗi sunanka da bakinka, mu rubuta.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya ba ɗalibanmu sa'a. Sai mun ji daga gare ku.